Kyandir Uku a Ƙarƙashin Kofi

Ƙaramar Sallar 2011 ta faɗo ne a ƙarshen watan Agusta, kuma ko cincin ɗin Sallah bai ƙare a gidaje ba na kama hanya. Daga Kano zuwa Legas, daga Legas jirgin dare ya kwashe mu kusan awa shida zuwa Johannesburg, sannan wani ya ƙarasa da mu Cape Town cikin awa biyu. Na baro gida damina ta yi nisa, gero ya fid da kai. Can kuwa jelar hunturu na tarar: iska mai sanyi daga teku, yayyafi yana zuwa yana wucewa, kowa ƙudundune cikin rigar sanyi. Da tsakar rana in ka ɗaga kai, rana ta wajen arewa take, inuwarka ta kwanta kudu. Da na tambayi alƙibla a masauki, sai aka nuna mini arewa da ɗan karkata gabas. Duk wanda ya taso yana fuskantar mafitar rana in zai yi salla, ranar da ya tsaya a ƙasan nahiyar nan yana kallon arewa zai ji a jikinsa cewa lallai duniya dunƙulalliya ce, fiye da yadda wani zane a allo ya taɓa nuna masa.

Abin da ya kai ni shi ne Taron Duniya na Cibiyoyin Kimiyya karo na 6, wanda aka yi daga 4 zuwa 8 ga Satumba a babban zauren taro na birnin, dab da tashar jiragen ruwa, Dutsen Tebur yana tsaye a bayansa. An fara wannan taro a Finlan a 1996, ya je Kalkata ta Indiya a 1999, Kanbera ta Ostireliya a 2002, Rio ta Birazil a 2005, Toronto ta Kanada a 2008. Wannan ne karon farko da ya sauka a Afirka, kuma taken da aka ba shi ya shafi yadda kimiyya ke ratsa al'adu daban-daban.

Sai na ɗan tsaya a nan, domin akasarin masu karanta wannan ba su taɓa shiga cibiyar kimiyya ba. Ba makaranta ba ce, ba a ɗaukar suna, ba a jarrabawa. Ba kuma gidan tarihi ba ne irin wanda ake jera kaya cikin gilashi a ce kar a taɓa. Wuri ne da aka cika da kayan gwaji, kowanne an yi shi don a taɓa, a juya, a ja, a hura, a kuma ɓata in ta kama. Wanda ake yawan dangantawa da wannan tsari shi ne Frank Oppenheimer, ƙanen Robert Oppenheimer na bam ɗin nukiliya. A 1949 siyasar farautar 'yan gurguzu a Amurka ta raba shi da aikin jami'a, ya koma kiwon shanu a jihar Kolorado, daga baya ya samu koyarwa a wata ƙaramar sakandare ta karkara. A can ya ga yadda yara ke canzawa in aka sa musu kaya a hannu. A 1969 ya buɗe Exploratorium a San Francisco, ya bar shagon ƙera kayan a fili inda kowa zai ga kafinta da maƙeri suna aiki, ya kuma ɗebo 'yan sakandare ya sa su yawo cikin zauren suna taimaka wa baƙi. Waɗannan su ne masu bayani, kuma su ne na je Cape Town domin in gani: su da waɗanda ke horar da su.

Shugabannin cibiyoyi sun yi jawabai a babban zaure, an yi maganar kuɗi da manufofi da haɗin gwiwa. Na saurara, amma abin da ya zauna mini a rai a ƙananan ɗakuna ya faru, inda masu bayani ke baje wa juna dabarunsu.

A ɗaya daga cikinsu wata mata 'yar ƙasar, wadda ta ce ta daɗe tana karɓar yaran makarantun karkara, ta ajiye faranti a tebur, ta zuba ruwa mai launi, ta kafa kyandir ɗaya a tsakiya ta kunna, ta kifa kofin gilashi a kansa. Wutar ta yi ƙasa, ta mutu, ruwan ya haura cikin kofin. Duk wanda ya yi sakandare ya san wannan gwaji, ya kuma san amsar da ke cikin littattafai da yawa: wuta ta cinye iskar oksijin, wadda ita ce kusan kashi ɗaya cikin biyar na iska, ruwa ya hau ya cike gurbinta. Wani daga baya ya faɗi amsar nan, kawuna suka gyaɗa. Matar ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta sa alama a jikin kofin daidai inda ruwan ya tsaya, ta goge shi, ta kafa kyandir uku, ta tambaye mu inda ruwan zai tsaya wannan karon. In dai oksijin ake cinyewa, ai adadinsa a kofin bai canza ba, ko kyandir nawa aka kunna, don haka ruwan bai kamata ya wuce alamar ba. Ta kifa kofin. Ruwan ya wuce alamar, ya wuce ta sosai.

Ɗakin ya kaure da musu, tsakanin mutanen da wasunsu ke da digirin digirgir. Ita kuwa ta koma gefe ta harɗe hannu. Da aka nemi ta raba gardama, sai ta ce a sake yi, amma wannan karon kowa ya zuba ido a kan abu biyu: bakin kofin lokacin da yake taɓa ruwa, da kuma daidai lokacin da ruwan ke fara hawa. Aka sake. Sai ga ƙananan kumfa suna fita ta ƙarƙashin bakin kofin. Ruwan kuma bai motsa sosai ba muddin wutar na ci. Sai da ta mutu ya zabura sama. Daga nan mutanen ɗakin da kansu suka harhaɗa bayanin. Wuta tana zafafa iskar da ke kewaye da ita, iska mai zafi tana buɗewa, wata ta tsere ta ƙasa. Da wutar ta mutu, wadda ta rage ta huce ta tsuke, matsinta ya ragu, iskar waje ta danna ruwan farantin ta tura shi ciki. Kyandir uku sun fi zafi, sun fi korar iska, ruwa ya fi hawa. Oksijin da ya ƙone kuwa ba ɓacewa yake yi ya bar rami ba, yana komawa iskar kabon da tururin ruwa, kuma kyandir yakan mutu tun da sauran oksijin mai yawa a kofin.

Kayan gwajin nan duka ana samunsu a kowane shagon unguwa. Abin da ba a samu a shago shi ne haƙurin matar. Ta san amsar tun kafin mu shigo, ta riƙe ta a baki, ta bar mu muka yi ta laluben hanya. Ta ce a cibiyarsu abu mafi wuya da suke koya wa sabon mai bayani shi ne ya yi tambaya sannan ya rufe bakinsa, ya jira, ko da shirun ya dame shi, domin yaron da ya fi jin kunya shi ne yakan yi magana a ƙarshe, kuma sau da yawa shi ne ya lura da kumfar. Na yarda da ita ɗari bisa ɗari. A azuzuwanmu malami yakan ɗauki shiru a matsayin gazawarsa, sai ya yi maza ya cike shi da amsa, yara su kwafe, a wuce. Da haka ake yaye ɗalibin da ya haddace sunayen sassan fure amma bai taɓa tsinke furen kuɓewa ya buɗe cikinsa ba.

Ba kowa ne ya gamsu ba. Wani malami daga wata ƙasar gabashin Afirka ya ce shi ajinsa ya cika maƙil, manhaja tana bin sa, jarrabawa tana jiran yara, ina ya ga lokacin da zai tsaya jiran yaro ya gano matsin iska da kansa? Magana ce ta gaskiya, kuma duk malamin makarantar gwamnati a Kano ko Damagaram zai iya faɗinta. Ba a ba shi amsar da ta warware matsalar ba. Abin da aka ce shi ne cibiyar kimiyya ba ta zo ta maye gurbin aji ba, ta zo ne ta ba yaro yini guda da zai ga cewa abin da ake rubuta masa a allo yana faruwa da gaske, ta kuma ba malaminsa gwaji biyu ko uku da zai iya maimaitawa cikin minti goma. A ganina wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

'Yan Indiya sun zo da nasu darasin. Ƙasarsu ta buɗe gidan kimiyya da fasaha na Birla a Kalkata tun 1959, ta fara ɗora kayan gwaji a motocin bas tana kai su ƙauyuka tun 1965, kuma a 1978 ta kafa hukuma guda mai kula da cibiyoyin kimiyya na ƙasa. Amma abin da ya fi jan mutane a teburinsu shi ne tarkace. Suna bin hanyar Arvind Gupta, injiniyan da ya bar aikin kamfanin motoci ya shiga koyar da yaran karkara, ya shahara da yin kayan wasan kimiyya daga shara. Da tsinken ashana da guntayen robar bawul ɗin keke ake haɗa siffofi, yaro ya danna da yatsa ya ga mai kusurwa huɗu tana lanƙwashewa, mai kusurwa uku ta ƙi, daga nan ya gane abin da ya sa kafinta ke gicciya katako a rufin kwano. Da batir ɗaya, da maganaɗisu, da zaren wayar tagulla, da fil biyu, ana yin injin da ke juyawa. Wani kuma ya huda kwali da allura, ya manna farar takarda mai shara-shara a ɗaya gefen, ya nufi taga da shi: sai ga Dutsen Tebur a kife, kansa a ƙasa. Haske miƙe yake tafiya, wanda ya taso daga ƙolin dutsen ya ratsa hudar ya sauka ƙasa, na gindin ya sauka sama. Ibn al-Haisam ya yi bayanin wannan a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, a littafinsa na ilimin gani, kuma duk almajirin da ya taɓa kwana a ɗaki mai hudar ƙofa ya ga alamarsa a bango da safe.

Masu masaukinmu kuwa nauyin da ke kansu daban ne, kuma ba su ɓoye shi ba. A 1953 gwamnatin wariyar launin fata ta kafa dokar ilimin baƙar fata, kuma ministan da ya kawo ta, Hendrik Verwoerd, ya fito fili ya nuna bai ga amfanin koya wa yaron baƙar fata lissafin da ba za a bar shi ya yi aiki da shi ba. Mulkin ya faɗi a 1994, amma malaman da aka horar a ƙarƙashinsa da makarantun da aka gina ba ɗakin gwaji suna nan. Shi ya sa cibiyoyinsu ke aiki kamar asibitin gaggawa na ilimi. Ta Jami'ar Zululand, wadda ta faro a 1986, tana karɓar yaran karkarar KwaZulu-Natal a Richards Bay. Sci-Bono, wadda aka buɗe a tsohon ginin ma'aikatar lantarki a unguwar Newtown ta Johannesburg, tana aiki kafaɗa da kafaɗa da ma'aikatar ilimi ta lardin Gauteng. Ta Cape Town ɗin kanta, wadda masanin kifaye Mike Bruton ya assasa a cikin wani katafaren kanti a 2000, a shekarar taron ce ta koma unguwar Observatory.

A ƙasar da ke da harsunan hukuma 11 a lokacin, maganar harshe ba ta kaucuwa. Wani saurayi mai bayani ya ce in ya yi wasan kimiyya da Turanci yara sukan tafa, in ya yi da Zulu sukan yi tambaya. Ya ce tafi ba ya nuna an gane. Yaro yana iya tafa wa wutar da ta canza launi kamar yadda zai tafa wa mai rufa-ido, ya koma gida da tunanin cewa kimiyya wani sihiri ne na masu farin kwat. Wannan ya taɓa ni ƙwarai. Yaron da aka ce sai da Turanci zai buɗe baki, tambayarsa takan mutu a maƙogwaro, ba don ba shi da ita ba. Muna da rediyo da Hausa tun zamanin kakanni, muna da fina-finai, muna da marubuta littattafai bila adadin, amma mutum nawa ne sana'arsu ita ce tsayawa gaban yara da faranti da kyandir suna tambayarsu da Hausa me suke tsammani zai faru?

Zaman da ya fi kowanne nauyi shi ne na lafiya. Afirka ta Kudu ta ɗanɗana kuɗar abin da ke faruwa in shugabanni suka juya wa kimiyya baya. A zamanin Shugaba Thabo Mbeki gwamnati ta yi ta jan ƙafa kan magungunan rage kaifin ƙanjamau, ana shakkar ko ƙwayar cutar ce ma ke haddasa shi, kuma wani bincike na Jami'ar Harvard da ya fito a 2008 ya ƙiyasta cewa jinkirin ya ci rayuka sama da 330,000. Abin da ya juya al'amarin bai tsaya ga kotu da zanga-zanga ba. Ƙungiyar fafutukar samun magani da Zackie Achmat da abokansa suka kafa a 1998 ta shiga unguwanni irin su Khayelitsha, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka fara ba da maganin a 2001, tana koya wa talakawa ainihin kimiyyar: mece ce ƙwayar cuta, me take yi wa ƙwayoyin garkuwar jiki, me ya sa tsallake shan magani ke ba ta damar yin taurin kai. Matan da ba su gama firamare ba suka zama masu bayani a layin asibiti, da harshen Xhosa, kuma maƙwabtansu suka yarda da su domin sun gan su sun tashi daga kwance.

Ina zaune ina jin wannan, zuciyata tana gida. A 2003 aka dakatar da allurar shan-inna a Kano da wasu jihohin arewa saboda jita-jitar cewa an gurɓata ta, cutar ta sake yaɗuwa har zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Mutanen waje suka ce jahilci ne. Amma mutanen Kano ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yaransu a annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma tambayar da suke yi, me ya sa ake bin mu gida-gida da wannan kyauta alhali na zazzaɓi sai mun saya, tambaya ce ta mai hankali. Ba a ci gaba ba sai da aka saurare su, aka sake gwada allurar, aka kawo wadda aka yi a Indonesiya, sarakuna da malamai suka shigo. Sannan ga Zamfara, shekara guda kacal kafin wannan taro, inda ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, ƙurar dalma ta kashe yara sama da 400. Da a ce akwai wanda ya taɓa zama da masu haƙar nan ya nuna musu, da harshensu, cewa ƙurar da ba ta wari ba ta ɗaci tana iya shiga jinin yaro mai rarrafe ta taɓa ƙwaƙwalwarsa, da wataƙila an niƙa dutsen a bayan gari. Wanda duk ya ɗauki wannan aiki wasan yara ne, ya je Bagega, can Zamfara, ya tambaya.

Birnin ma kansa yana koyarwa. Kullum da ƙarfe 12 na rana, ban da Lahadi da ranakun hutu, ana harba igwa a kan tudun Signal Hill, al'adar da ta faro tun 1806 domin matuƙan jiragen ruwa su daidaita agogonsu. Wani mai bayani ya fitar da mu waje ya ce mu kalli tudun, kada mu jira ƙara. Hayaƙi ya tashi, muka ƙirga, sannan ƙarar ta iso. Sauti yana cin kusan kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku, don haka tsoffin matuƙa hayaƙin suke dubawa. Haka tsawa take da walƙiya, kuma ba a buƙatar igwa kafin a koya wa yaro auna nisan hadari a watan Agusta.

A gindin wannan tudu unguwar Bo-Kaap take, mai gidaje kala-kala, mazaunin Musulmin da aka kawo kakanninsu bayi da fursunonin siyasa daga tsibiran Indonesiya da Indiya da gaɓar gabashin Afirka. Na yi salla a Masallacin Auwal, wanda aka kafa a 1794, mafi tsufa a ƙasar. Limaminsa na farko, Tuan Guru, ɗan sarauta ne daga Tidore da Turawan Holan suka tsare a tsibirin Robben, inda ya rubuta Alƙur'ani da ka. Wani dattijo da muka gaisa bayan salla ya ba ni labarin masu duban wata na birnin, waɗanda ke taruwa a bakin teku a Three Anchor Bay, jama'a su biyo su da abin buɗa-baki a daren da ake neman watan Sallah. Ya san lokacin da wata ke haihuwa, ya san tazarar da yake buƙata daga rana kafin ido ya kama shi, ya san dalilin da ya sa wani gari ke gani wani bai gani ba. Bai taɓa kiran wannan kimiyya ba, amma ita ce.

Da daddare wasu masu koyar da ilimin taurari suka kafa ƙaramar na'urar hangen nesa a wannan bakin teku, suna tare masu wucewa. Wata ya ɗan haura rabi, lokacin da ramukansa suka fi fitowa, domin hasken rana yana dukan su ta gefe. Tauraron arewa ba ya fitowa a can. Aka nuna mini taurari huɗu masu siffar gicciye da ake gane kudu da su, da wasu biyu masu haske da ke nuna su. Ɗaya daga cikin biyun shi ne Alpha Centauri, wanda haskensa ke shafe shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya iso mu, kuma a gidan duban taurari na wannan birni, da aka kafa a 1820, Thomas Henderson ya yi awon da aka gano nisansa da shi. Suna alfahari da babbar na'urarsu ta Sutherland mai madubai 91, wadda aka ƙaddamar a 2005, kuma a lokacin suna takara da Ostireliya kan wanda zai karɓi babban aikin na'urar sauraron sararin samaniya ta SKA, wanda daga baya a 2012 aka raba musu. Amma da suka zo yi wa yara bayani, ba da madubai 91 suke farawa ba. Da isiLimela suke farawa, taurarin da mu muke kira Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda fitowarsu ke gaya wa manomin can lokacin ɗaukar fartanya. Sun kuma ambaci Thebe Medupe, ɗan ƙasarsu da ya haɗa na'urar hangen nesa da hannunsa yana ɗan shekara 13, ya girma ya jagoranci binciken ilimin taurari a rubuce-rubucen Timbuktu. Mu ma muna da inda za mu fara. Muhammad al-Katsinawi ya rubuta littafi kan lissafin hatimai a 1732 kafin ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma har gobe akwai malaman zaure da ke ƙirga taurarin damina.

An rufe taron da sanarwar da aka sa wa sunan birnin, aka kuma tsayar cewa haɗuwa ta gaba a Beljiyam za a yi ta a 2014. A filin jirgi muka zauna da wani dattijon malami ɗan arewa, mai koyarwa a wata kwalejin horar da malamai, wanda muka haɗu da shi a taron. Shi lissafin gini yake yi: fili, zaure, ɗakin kallon taurari, wasiƙa zuwa ga gwamna.

Na ce, "Malam, ni a ganina a fara da mutane. A samu ɗalibanku goma a koya musu gwaji goma da yadda ake yin shiru. Gini ya biyo baya."

Ya ce, "Ƙanena, abin da ba shi da gini a ƙasarmu ba ya shiga kasafi, abin da bai shiga kasafi ba kuma yana mutuwa ranar da mai shi ya gaji."

Yana da gaskiyarsa, na kuma san gine-ginen da aka buɗe da kakaki da tambura, yau kayan cikinsu na kulle a kwali don tsoron kada yara su lalata. Ba mu daidaita ba har aka kira jirgi. Abin da muka yarda a kai shi ne ya ba ni aji ɗaya ranar Asabar.

Gwajin da na zaɓa na farko namu ne na gida. Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya ɗauki abin da kowace mai randa ta sani ya mai da shi firji: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, yana tafiya da zafin ciki, gauta da tumatir su daɗe ba su lalace ba. Wannan ya ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Muka haɗa tukwanen da ɗaliban a cikin watan Satumba, muka sa ma'aunin zafi ciki da waje, sai bambancin ya fito ɗan kaɗan, bai kai yadda suka zata ba. Na tambaye su dalili, na jira. Can wata ɗaliba daga layin baya ta ce ai ko wanki ba ya bushewa da wuri a wannan watan, iska cike take da laima, watakila ruwan yashin ma bai samu inda zai tafi ba. Wani ya ce in haka ne, a bazara tukunyar za ta fi sanyi. Aka rubuta lambobin ranar a littafi, aka ajiye tukwanen a ofishin malam, aka sa ranar sake aunawa a watan Maris.